Ranar da Aka Hana Zirsanga Yin Shiru

A unguwarmu a garin Aizawl, yaron da bai iya waƙa ba abin a yi wa iyayensa jaje ne. Ƙanena Zirsanga kuwa ba rashin iyawa ce damuwarsa ba. Kunnensa ras yake, sau ɗaya zai ji waƙa ya riƙe. Murya ce dai Allah ya ba shi irin ta wanda ya haɗiyi tsakuwa. Tun yana firamare, in ya gaida maƙwabta da safe kajinsu sai sun watse. Ni ce yayarsa, Zodini, kuma a sahun gaba na mawaƙan cocinmu na girma, don haka a gabana aka yi komai.

Shugaban mawaƙa a lokacin shi ne Pu Darkunga, wani siririn dattijo mai ɗan sanda a hannu. Mu Pu muke ce wa babban namiji don girmamawa, babbar mace kuma Pi. Ba mugu ba ne, kunne ne da shi mai tsananin ƙyanƙyami. Wata rana bayan gwaji ya dafa kan Sanga, haka muke kiran ƙanen nawa a gida, ya ce, "Ɗana, Allah yana jin abin da ke cikin zuciya. Kai dai ka riƙa motsa baki."

Haka Sanga ya yi shekaru a sahun baya yana motsa baki. Ya kuwa ƙware, har baƙi sukan nuna shi su ce yaron can ya fi kowa ba da himma. Shi da kansa yake ba da labarin yana dariya. Amma ni nakan ji shi a ƙarƙashin gidanmu da ke kan ginshiƙai, lokacin ba alade abinci, yana rera waƙoƙin Lahadi ƙasa-ƙasa, daga shi sai aladen. Abin yana ci mini rai. Burinsa bai wuce ɗaya ba, ya buɗe baki a cocin da aka yi masa baftisma a ji muryarsa, ko da sau ɗaya ne.

Da ya girma sai ya shiga acaɓa. A garinmu danna hon rashin tarbiyya ne, shi kuwa ko ana dannawa ba ya bukata, gyaran murya kawai yake yi a ba shi hanya. Ta haka ma arzikinsa ya zo. Ya ɗauko wani mai dogon gashi da jita a goye, sunansa Biakmawia, ana ce masa Biaka, sai kare ya tsaya a tsakiyar titi. Sanga ya yi gyaran murya, kare ya arce. Fasinja ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Tsaya, tsaya. Sake yi in ji."

A bakin titi ya kunna masa kiɗan metal a waya, irin wanda jita ke kururuwa, ganguna na gudu, mawaƙi na gurnani. Rannan Sanga ya gangaro matakalar gidanmu uku-uku, hular kwano ma bai cire ba.

"Yaya Dini, ashe akwai masu irin muryata, har tafa musu ake yi. Kuma Biaka ya ce wasunsu Yesu suke yi wa."

"Yesu ya sani?" na ce.

"Zai ji dai, ko yana so ko ba ya so."

Kafin wata ya zagayo sun zama su uku, da wani makaniki Hmingtea mai kaɗa ganguna. Wurin gwaji kuwa ƙarƙashin gidanmu, tsakanin ginshiƙai, kusa da ɗakin aladen. Ni na ba su izini, ni ce kuma mai dafa musu shayi, saboda haka duk wanda ya rubuta tarihinsu bai sa sunana a farko ba sai mun yi shari'a. Ranar farko kofuna suka riƙa tafiya da kansu a kan kanta. Aladen ne kaɗai bai damu ba, shi ya daɗe da sabawa.

Gidajenmu a jikin dutse suke, rufin wannan a ƙasan dandamalin wancan, kuma rufin da ke ƙasan namu na Pi Chawngi ne, wata tsohuwa mai sayar da ƙwai wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Kwana biyu da fara gwaji sai ga ta tana hawowa da tulin kwalayen ƙwai a ka. Ta dire su a gaban samarin tana haki.

"Jikana ya ce in an manna waɗannan a bango ƙara ba ta fita. Kada ku yi mini godiya, ba don ku na kawo ba, don kunnena ne."

Labari ya bazu, unguwa ta tashi tsaye. Kowace mata ta riƙa aiko da nata kwalayen, har wadda ba ma gaisawa. Ban taɓa ganin mawaƙan da jama'a suka tallafa wa da gaggawa haka ba, kuma duk don kada a ji su.

Pi Chawngi dai ba ta koma ba. Ta zauna a kan buhun dusa, ta jefa kuhva, irin goron garinmu, a baki tana taunawa har leɓenta ya yi ja, ta saurara suka kai ƙarshe.

"Kai Sanga, cikin wannan gurnanin me kake cewa? Faɗa mini da bakin mutane."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Amshin dai cewa yake, kai ka yi tsawa, kai ka yi ni, karɓi abin da ka ba ni."

Ta daina tauna. Ta gyaɗa masa kai, sannan ta juya kan Hmingtea.

"Maganar ta yi. Kai ne dai kake gudu da ganga kamar ka saci kaza. Ka bar wa ƙafar mutum wurin sauka."

Daga nan ta zama tasu. Kullum tana tafe da citta da zuma don maƙogwaron Sanga, tana zaginsu, suna cewa na'am. Ita ce ta je wurin dattawan coci ta zaune musu har suka gaji. Lokacin Pu Darkunga ya zama dattijon coci, kuma shi ya kawo amsa har gida. An ba su waƙa ɗaya a sujadar matasa ta Lahadi da yamma. Za su ɗaure gashi, su sa kwat. Shi kuma zai zauna kusa da makunnin lantarki, in ya ga abin ya fita daga ibada zai kashe, ba kuma za a sake maganar ba har abada.

Samarin suka yi ta tsalle har Biaka ya buga kai da ginshiƙi. Sharaɗin waƙa ɗaya bai dame su ba ko kaɗan, domin ita kaɗai gare su. Maƙogwaron Sanga ma iyakar abin da yake ɗauka ke nan, in ya yi ta sau biyu a jere sai ya wuni yana magana da hannu.

Ranar Lahadi coci ya cika har taga. Rabin mutanen sun zo ne su ga abin da suka yi wa asarar kwalaye. Ina zaune a benci na biyu. Samarin suka fito cikin kwat na aro kamar masu neman aikin banki. Hmingtea ya buga sanduna, Biaka ya saki jita, Sanga ya kama makirfo ya buɗe baki.

Wani jariri ya tsala kuka. Matar fasto ta dafe ƙirji. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, don muryar da na saba ji a ɗakin alade ce yau take dukan rufin coci. Na saci kallon Pu Darkunga, na ga fuskarsa ta yamutse, hannunsa yana tafiya a hankali wajen makunni.

Sai Pi Chawngi ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zane, ta fita fili gaban bagade, ta rufe ido, ta ware hannu, ta fara zagayawa da ɗan takunta, kamar yadda take yi duk lokacin da waƙa ta shige ta. A cocinmu in Ruhu ya ta da mutum rawa, ba a yanke waƙa sai ya zauna da kansa. Ko an kai ƙarshe, komawa farko ake yi. Duk makaɗin da ya taɓa riƙe gangar coci ya sha wannan karatu, kuma a bakin Pu Darkunga ya sha shi. Hannun dattijon ya tsaya a iska, sannan ya koma kan gwiwarsa.

Ƙawayenta biyu suka bi bayanta, sai wasu, har da'ira ta cika da tsofaffi. Wani tsoho ya jawo babbar gangar coci ya riƙa sauke mata duka ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin gudun Hmingtea, abin ya zauna daram. Waƙa ta kai ƙarshe, Hmingtea ya ɗaga sanduna sama yana washe baki, Sanga ya sauke makirfo yana numfashi. Tsofaffi kuwa ko ido ba su buɗe ba, zagayawa kawai suke.

Pu Darkunga ya miƙe tsaye ya juya yatsa a iska. "Daga farko," ya ce.

"Pu, ita ke nan gare mu," in ji Biaka.

"Na tambaye ka? Mutane na rawa. Daga farko."

Suka koma. Suka sake komawa. Matasa suka shiga da'ira, ɗaurin gashin Biaka ya tsinke, babu wanda ya kula. Na tsinci kaina a ciki ni ma, takalmi ɗaya a ƙafa, ina dariya ina kuka. Duk lokacin da suka kai ƙarshe sai su dubi Pu Darkunga da idon roƙo, shi kuma ya juya yatsa. Mutumin da ya zo kashe musu wuta shi ne ya hana su sauka.

Ban san a zagaye na nawa ba ne muryar Sanga ta fara tsagewa. Ta koma shaƙaƙƙiya, ta koma iska. Da aka iso amshi ya buɗe baki iya ƙarfinsa, ko ƙis bai fito ba. Ya dube ni a firgice. Na san abin da yake tsoro, ya samu ranarsa ɗaya tal, ga shi za ta mutu a hannunsa a gaban kowa.

Amma mutanenmu ba a maimaita musu waƙa sau uku ba su ɗauke ta ba. Matan da ke da'ira suka kama amshin, sahun baya suka karɓa, kafin ka ce me coci ya rabu murya huɗu kamar an yi wata guda ana gwaji. Kai ka yi tsawa, kai ka yi ni, karɓi abin da ka ba ni. A ƙasan duka na ji wata murya da na sani tun ina yarinya. Pu Darkunga ne, ido a rufe, yana ba da lokaci da yatsan nan nasa. Ƙanena yana tsaye a gaba, kwat ya jiƙe sharkaf, yana motsa baki babu sauti, coci guda yana rera abin da ya rubuta.

Sai da Pi Chawngi ta ga dama ta zauna, sannan aka tsaya. Ta nemi a ba ta ruwa, ta ce mai gangar ya ɗan gyaru.

Yanzu suna da waƙoƙi da dama, ana gayyatarsu har wasu garuruwa, kuma ba sa hawa dandamali sai sun tambaya ko akwai tsofaffi a wurin. Sanga bai bar acaɓa ba. Amma in ana labarinsa, ni abin da nake tunawa shi ne bayan an tashi rannan, muna shan shayi a harabar coci. Pu Darkunga ya ratso mutane da kofin ruwan zafi a hannu ya miƙa masa.

"Motsa bakin nan dai har yau babu wanda ya kamo ka," ya ce. Aka yi dariya, shi bai yi ba. "Gwajin mawaƙa ranar Alhamis ne. In muryar ta dawo, ka zo da ita."

Sanga ya buɗe baki zai amsa, babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa, ya nuna maƙogwaro, idonsa ya cika. Dattijon ya dafa kansa kamar yadda ya yi shekarun baya.

"Bari, ɗana," ya ce. "Na ji ka."