Kwalbar da Inna ta kasa miƙo mani

Shekarun baya, ina goyon yarona na uku, ƙanwata da ke aure a Sabuwa ta kira ni a waya. Ta ce, "Yaya, Inna fa ta rame. Ruwa take ta sha ba ta ƙoshi, ga kiyashi na taruwa a makewayinta." Ni a Faskari nake aure, mahaifiyata kuma tana Ketare. Cikin ƙanwar tawa ya tsufa, ba ta iya shiga mota, sai kai Inna asibiti ya faɗo kaina.

To, ni ce ɗiyar fari. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Waccan" take ce mani. Kakata ce ta rene ni, ni da Inna kuwa ko kwano ɗaya ba mu taɓa sa hannu ba.

Na isa na tarar har ta sa wa akuyarta igiya za a kai kasuwa, wai ta ji an ce awon asibiti sai mai dabba. Na ce a bari mu je mu ji tukuna. A Ƙanƙara likita ya saurare ta, ya ce a fara da gwajin fitsari. Da aka faɗi kuɗin sai da na sake tambaya, don bai kai kuɗin motarmu zuwa da dawowa ba. Inna ta kalli bango ta ce, "Akuya ta sha ke nan."

A ɗakin awo muka tarar da wata ma'aikaciya, yarinya mai ladabi. Ita ma ta ji nauyin faɗin sunan abin a gaban tsohuwa. Ta miƙo 'yar kwalba ta ce, "Inna, a je a kama ruwa, a zubo mana kaɗan nan. In kin gama ki ba ɗiyarki ta kawo."

Ni da rawar kaina na je na tsaya ƙofar makewayi kamar mai gadi. Inna ta fito ta miƙo kwalba, fuskarta na can gefe. Na ɗaga na duba, garau. Har da alfahari na kai wa ma'aikaciya, na ce, "Malama, kin ga na Innarmu, tas kamar ruwan sama."

Ta ɗaga shi wajen taga, ta tsoma 'yar takardar awonta, sai ta rufe baki da hijabi. "Ai ruwan ne, Yaya. Na buta ne."

Inna ta ce, "Ruwa kika ce a kama, na kau kamo maki. Mi ya rage?"

Matan da ke kan benci suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Sai idona ya faɗa kan Inna, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Nan dariyata ta tsaya. Matar da ke gyara wa mutanen unguwa karin magana ba za ta kasa gane kama ruwa ba. Gara ta koma gida da ciwonta da ta sa fitsarinta a hannun ɗiyar fari. Ta ma miƙe tana cewa, "A tafi gida, lafiyata lau." Na san ta sarai, in ta fita ƙofar nan ko da akori-kura ba mai dawo da ita.

Na ɗaga murya kamar da bango nake, na ce, "Bari in je bakin titi in sawo goro." Ni kuwa ban cin goro, ita ma ta sani. Na raɗa wa ma'aikaciya, "Don Allah ki amsa da hannunki."

Na daɗe wurin mai goro, har sai da na ji labarin surukansa kaf. Da na dawo takardar awo ta sake launi. Aka ƙara da gwajin jini, aka ce ciwon suga ne, an kuma yi sa'a bai yi nisa ba. Aka ba ta magani, aka raba ta da sukarin koko, abin da har yau take ƙorafi a kai.

Muka hau motar komawa gida ni da Inna. Can, idonta na kan gonaki, ta ce, "Waccan, ina goron?" Na miƙa mata. Ta ɓare shi biyu, ta ajiye rabi a kan cinyata. Na tauna ɗacin nan har Ketare, ban tofar ba.

Ina jin 'yan boko na cewa kunyar ɗan fari ta tsufa, a bar ta. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban iya gardama da su. Na dai ga Inna ba ta iya ajiye tata, ni kuma ba ta hana ni kula da ita, muddin na san lokacin da zan ba ta wuri.

Tana nan da ranta, akuyar ma har ta ga jikoki. Duk ranar awo ni ke kai ta. Muna isa ƙofar ɗakin nan za ta kalli bango ta ce, "Waccan ba ta zuwa sayen goro ne?" Haƙorana har sun fara ja.