Kujerar da Ka Ajiye Mini

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, aka kira ni a waya aka ce Yaya Mai Hoto ya rasu. Ina tsakiyar ɗaukar hoton ɗaliban wata makaranta, gilashin kyamararka, Yaya, yana jikin tawa da ke rataye a wuyana.

Yaya, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma kai ka koya mini sana'a, kuma shekara goma sha tara muka yi a shago ɗaya kafin na buɗe nawa. Kai ka sa mini suna Sarkin Gaggawa, don nakan danna kyamara tun mutum bai gama gyara hularsa ba. Kai kuwa, tsohuwa za ta zo ɗaukar hoton fasfo, ka zaunar da ita, ka tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, sai fuskarta ta saki sannan ka ɗauka. Ban taɓa ganin wanda ya fita shagonka yana jin kunyar hotonsa ba.

Bara ka kira ni. Kana da babban gilashi mai saita hoto da kansa, wanda muke kira Turmi saboda nauyinsa. Ni kuma ina da wani ɗan ƙarami, tsoho, a aljihun tebur, wanda sai an murza zobensa da hannu kafin hoto ya fito sosai. Ka ce mu yi musaya.

Na ce, "Yaya, lafiya? Wa yake ba da doki ya karɓi jaki?"

Ka yi dariya ka ce, "Jakin ya fi sauƙin hawa. Turmin nan shisshigi gare shi, ni ina son ido, shi ya zaɓo mini hanci."

Na taya ka dariya, na karɓa. Amma na lura da hannu biyu ka miƙo mini shi, na hagu yana tallafe da na dama. Na gani, wallahi na gani, kwaɗayi ne ya hana ni tambaya. Daga nan aikin bukukuwa, da yake yana son sauri, ya bar shagonka ya dawo nawa, ni kuma ina ta karɓa ina cewa rabo ne.

Da ciwo ya kwantar da kai, sau biyu ka aiko a ce Sarkin Gaggawa ya zo ya zauna maka minti biyar. Na ce sai na gama aikin ƙarshen mako. Ƙarya nake yi, Yaya. Tsoro nake ji kada ka ce in maido maka Turmi. Wannan tsoron ne ya hana ni ganinka da rai.

Kwana uku bayan jana'iza maiɗakinka ta kira ni ɗakin da ka yi jinya. Ga gado, ga kwalaben magani a bakin taga, ga kyamararka a kan ƙafafunta uku kusa da matashi, ɗan gilashin nan a jikinta. Kyamarar tana fuskantar wata kujerar roba.

Ta ce, "Kada ka taɓa zoben. Ranar da hannunsa ya ɗan yi daɗi ya murza shi, ya ce a bar shi haka, a bar kujerar ma inda take. Ya ce ka ɗauki hoton gari guda, amma kai ba ka da na kirki ko ɗaya."

Na duba abin da ke cikin kyamarar. Hoton kujerar ne babu kowa a kai, har guda tara, kowanne da ranarsa daban, kuma duk sun yi dishi-dishi. Na ce a raina, ashe har ido ya gaza. Sai ta ce in zauna. Na zauna, ta danna, ta juyo mini da kyamarar.

Idanuna sun fito tar, har ana ƙirga gashin gira. Ba kujerar ka saita ba, inda fuskata za ta tsaya ka auna, har da ɗan sunkuyon da nake yi in na zauna gabanka. Ba Turmi kake nema ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka ɓoye mana ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da duk abokan sana'a, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ni kuma ina roƙon wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, don wanda zan nemi gafararsa ya jira ni sau tara ban je ba.