Haruffan da Na Ɓoye a Manhajar Shanu

Ni ɗan malami ne a Daura. Tun ina sakandare nake buga wa mahaifina karatuttukansa a kwamfuta, Larabci da boko a shafi ɗaya. A nan na san wasu haruffa da ba sa fitowa a allo. Aikinsu kawai juya rubutu daga dama zuwa hagu.

Da na gama karatu na samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai manhajar rajistar shanu. Duk saniyar da aka kawo kara, wato kasuwar shanu, sai an duba lambar kunnenta. In ana cigiyarta, manhajar ta tsayar da cinikin.

Wani dillali, Alhaji Sale, ya fara ja na a jiki. Yau katin waya, gobe shadda, da Babbar Sallah rago. Rannan ya ce, "Ɗan malam, akwai shanun da za su zo min daga wajen Mashi. Ka sa na'urarku ta kau da kai." Ban tambayi ko na waye ba, don zuciyata ta riga ta gaya min.

A wurinmu ba a ƙara komai a manhaja sai shugabarmu, Malama Rabi, ta karanta. Sai na cusa haruffan nan a layi guda. A ido, layin kamar bayanin gefe ne da kwamfuta ba ta aiki da shi. Ita kuwa kwamfutar umarni take gani: shanun Alhaji su wuce ba dubawa. Malama ta karanta, ba ta ga komai ba.

Ashe a makon ta ƙara wani bincike mai gudana da kansa, yana bin rubutu harafi-harafi. Ina tura aikin ya ƙi karɓa, ya haska layin da ja, ga sunana a gefe.

Ta kira ni ta ce, "Malam, me ya kawo harafin juya rubutu wurin tantance shanu?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na faɗi komai. Wallahi a take na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji.

Malama ta sanar da 'yan sanda, suka tare shanun a kara. Na wani dattijo ne makiyayi daga Dutsi kusa da Mashi aka sace, su ke nan abin da ya mallaka. Aka mayar masa da su, ni da Alhaji aka kai mu gidan yari.

Da na fito na je har rugarsa neman gafara. Ya dube ni ya ce, "Na yafe, ɗana. Ka gode wa Allah da aka tare ka da wuri."

Kullum ina gode wa Allah. Ku matasa masu rubuta manhaja, kada ku rubuta layin da za ku ji kunya a karanta muku shi yadda kwamfuta ke karanta shi. Kuma ku sa binciken nan a aikinku. Ni dai shi ya cece ni daga kaina.