Babbar Riga a Ranar Sarkin Holan

Jama'a, yau na tura mota sanye da babbar riga a unguwar Ma'adi!

Baturen Holan da nake koya wa Larabci ne ya gayyace ni bikin ranar sarkinsu, wai za su zaga gari da tsofaffin motoci. Da na ji sarki, sai na aro farar babbar rigar da abokina Malam Sani zai sa a walimarsa gobe. Ina zuwa na tarar da kowa cikin riga ruwan lemo da gajeren wando!

A bakin kogin Nilu motar da muka shiga ni da Baturen ta mace. Baturen ya ba ni haƙuri da Larabci, ya ce, "Ma'alish, ɗan tura." Na tura, ta tashi, ta fesa min baƙin hayaƙi daga wuya har ƙasa.

Wani ɗan tasi ya leƙo ya ce, "Ya basha, ranka ya daɗe, kai ne sarkin?"

Malam Sani, kar ka kira tukuna. Ina wurin mai wanki.