Ƙwai a Lagireto

Shekarar da kajina suka fara saka sosai, ƙwai ya riƙa ɓacewa a akurki. Muna haya ne ta wajen Naraguta, katangar langa-langa ce tsakaninmu da wata maƙwabciya 'yar Birom, wadda ita ta riƙe ni ranar da na haifi 'yan biyuna. Tana da kare, ni kuma bakina ba linzami. Na ɗora wa karen laifin, daga baya na ɗora wa 'ya'yanta, har muka daina gaisawa. Maigidana yana ji, bai taɓa cewa uffan ba.

Wata Asabar ya sa wa akori-kurarsa ta dakon itace daga kasuwar Katako sabon lagireto, ya ce zai wanke hanyar ruwan injin a ƙofar gida. Ya zura tiyo, ya tara baho a ƙasa, ruwa na fita garau. Ni ya sa na zauna cikin motar ina taka masa totur.

"Maman biyu, murɗa hita har ƙarshe," in ji shi. "In ba a buɗe ta ba, dattin cikinta ba ya fita."

Na murɗa. Zafi ya bugo min fuska, sai wani ɗoyi ya taso ta taga. Na leƙa bahon. Kai, tir! Ruwa ja kamar na tsohon ramin kuza, da wasu farare-farare guda-guda suna yawo a kai, suna yauƙi. Macen da ta shekara tana dafa ƙwai ba ta buƙatar a gaya mata.

"Malam, mene ne wannan?"

Ya sosa ƙeya. Wai tsohon lagireton ke yoyo, direbobi suka ce a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, in ya dahu sai ya toshe hujin. Har da 'yar dariyarsa! Wallahi ƙyamarsa da na ji ta fi ta bahon.

Ko mayafi ban gyara ba na zagaya zuwa gidan maƙwabciyar. Na same ta tana tsince acca a faifai, na zayyana mata komai. Ba ta ɗago ba.

"Ai na sani," ta ce. "Ina ganinsa da safe yana fasawa. Ban so in haɗa ki da mijinki ba ne."

Na tsaya ina jiran ta miƙo min kujera kamar da. Ba ta miƙo ba.