Hular da Aka Sa wa Kwalbar Man Shanu

A gidanmu na Sakajiki ba a shirya wa jariri komai kafin ya iso. Ba rowa ba ce. Innata ta haifi uku a bayana, ba wanda ya kai ranar suna, sai Kaka, mahaifiyar babanmu, ta kafa doka: ba riga, ba sabon zane, ko cikin ma ba a ambata. In an haihu a naɗe ɗan a tsumma, kamar abin da ba wanda ya damu da shi, ko Mutuwa ta raina shi ta wuce. Haka ake yi wa 'ya'yan wabi.

Ni kuwa ina aji biyar na firamare, wato shekarun da mutum ya san komai. Malama Rabi ta koya mana saƙar kwarashi. Da shimfiɗar tebur ta fara mu, ko da yake duk ajin ba mai tebur a gidansu. Daga nan muka koma marfin kwano, sai safa, sai hular jarirai. Da aka zo kan hula zuciyata ta ƙi zama. Na ɗibi ragowar zaren ulu ruwan ɗorawa, na riƙa laɓewa bayan rumbu bayan an tashi makaranta. Mako uku na yi ina saƙawa ina warwarewa, har ta fito da 'yar tuntu a ka. Na cusa ta a jaka ƙarƙashin littattafai.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, cikin sanyi. Naƙuda ta kama Inna, ta kwana biyu ba ta sauka ba. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Aka samo mota aka nufi asibiti a Kaura Namoda, babanmu na riƙe da kanta. Ba waya a lokacin. Labari sai wanda ya dawo daga Kaura ya kawo shi a baki.

Da magariba Kaka ta zo hura wutar da muke ji a ɗakinta, karan ya yi danshi, ta sa hannu a jakata neman takarda. Abin da ta zaro ba takarda ba ne.

Ta ɗaga hular a hasken fitila, ta juya ta, ta sa yatsu uku ciki ta gwada faɗinta. Ba ta tambayi ko ta wa ce ba. Lissafin ya fito mini sarai kamar a allon aji: an yi wata tara ana ɓoyo, ni na ɗaga tuta, ga shi an tafi da Inna ba ta ko iya magana.

"Kaka, in warware ta?"

"Zamna," ta ce. "Tatsuniya za ni yi."

Kullum takan ja mana rai kafin ta fara, sai mun roƙa, sai mun matsa mata ƙafa. Ranar nan ba wanda ya roƙa. Ta ajiye hular a cinya ta shiga labari kai tsaye.

Wai akwai wata mata da 'ya'yanta ba sa zama. Da ta sake samun ciki sai ɗoki ya ci ta, ta yi wa ɗan 'yar hula. Mutuwa kuwa tsohuwa ce mai dundumi, da lalube take gane gidan da ake jiran baƙo. Ta shigo ta nemi ruwa, hannunta ya faɗa kan hular. Ta ce, "Wagga ta wa ta?" Matar ba ta ko ƙifta ido ba, ta ce ta tulu ce, ƙwari na faɗa mata a ruwa. Ta ɗauka ta kifa a bakin tulu. Mutuwa ta ce, "Tulu mai gata." Ta tafi, amma ba ta yarda ba. Bayan kwana bakwai ta dawo ta laluba, hula na kan tulu. Bayan arba'in ta dawo, tana nan. Ta yi ta zarya har gwiwoyinta suka gaji, yaro kuwa yana can ƙuryar ɗaki yana girma da kai a buɗe.

Ko a cikin tsoro bokon da ke kaina bai bar ni ba. Na ce, "To ba ta jin kukan yaron?"

"Kurma ta kuma. Ke kinka haife ta da za ki hi ni saninta?"

Ta miƙa hannu bayan gado ta jawo kwalbar man shanunta, ta ɗora mata hular, ta ja ta har wuya. Ta zauna daram, tuntu na sama.

Daidai nan Baffa Sani, ƙanen babanmu, ya yi sallama. A shekarar nan duk wanda ya je wa'azi sau biyu ya dawo da fatawa a aljihu. Ya dubi kwalba, ya dube mu, ya gane.

"Iya, wanga camfi na. Ajali ba ya bin hula."

"Ni na koya maka hakanga tun kana cin ƙasa, Sani. Ajali na Allah na. Marfin kwalba kuma, wane littafi ya hana shi? Ɗiyata ta yi mani marfi, ƙuda sun dame ni. Ko ba marfi kinka yi ba, Lantana?"

Ta kafe ni da ido har na ce, "Marfi ne."

"Ka ji."

Baffa ya zauna. Shi ma ba fatawa ce ta kawo shi ba, zaman ɗakinsa ne ya gagare shi. Mu uku muka kewaye wutar, duk ƙarar injin da ta taso daga hanyar daji sai mu ɗaga kai tare. Washegari ma haka. Na tashi na je makaranta, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da na dawo kwalbar na fara dubawa kafin fuskar Kaka.

A rana ta uku wani direban da ke lodin Shinkafi ya tsaya bakin hanya ya ba da saƙo: an yi wa Inna aiki, tana da rai, an samu mace. Kaka ta ce Alhamdulillahi sau ɗaya, ta ɗauko tsummanta mafi muni ta wanke. Ajuji aka riƙa kiran yarinyar. Ba ta taɓa sa hular nan ba. Yanzu ita ma uwa ce, a Zurmi take aure.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin dabarar yaudarar Mutuwa, har bayan na zama malama nakan ba da ita a ɗakin malamai a yi dariya. Sai daga baya na lura ban taɓa jin ta a bakin wata tsohuwa ba, ko a Jangeru ko a Gurbin Bore, inda danginmu suke. Shekarar da Kaka za ta rasu na tambaye ta inda ta samo ta.

"Nan take na ƙaga ta," ta ce. "Ukun farko ba wanda ya yi musu hula, ai sun tahi. Amma na ga idonki. Da labari ya zo ba daɗi, da kin ɗauki gawar nan a kanki har ki tsuhwa. Sai na ce bari in sauke maki kayan tun mota ba ta dawo ba."

Na ce to ita, wa ya sauke mata nata a waɗannan kwanaki uku? Ta ce in miƙo mata goro.