Alƙiblar Masallacin Baffa

Lokacin da Baffa, ƙanen mahaifina, ya tashi gina masallaci a filinsa na hanyar Wamakko, ni da nake aikin safiyo, wato awon filaye, ko nemana ba a yi ba. Sai da aka gama haƙa ramin fandisho, tushen ginin, na je. Ina dubawa na ga kuskure. Magini katangar maƙwabta ya bi, ya miƙe gabas sak, alhali alƙiblar Sakkwato tana ɗan karkata arewa.

Na durƙusa gaban Baffa na ce, "Allah shi gafarta Malam, ginin ga ya kauce."

Ya ce, "Kai ɗana, gabas dai gabas ta."

Na ɗauko kamfas. Kash! Ga rodi jibge, ga wayoyin wuta bisa kanmu, allurar sai rawa take yi. Baffa ya yi dariya har da tafi. "Abin da bai san gabanai ba, shi za ya gwada min Makka?"

Raina ya ɓaci, wallahi. Amma na ƙudurta ba za a ɗora bulo ko ɗaya a karkace ba, ko da zai daina amsa gaisuwata. Na roƙe shi ya dakata zuwa ƙarshen watan Mayu. Akwai ranar da rana ke tsayawa daidai bisa Ka'aba; a nan da hantsi ne, duk wanda ya fuskance ta a lokacin ya fuskanci alƙibla. Ya ce ya ji, amma in ta wuce, gini zai tashi yadda yake.

Ranar kuwa muka wayi gari da hadari. Haba! Na kafa na'urar awo mai ƙafa uku, na rataya zare mai nauyi a tsakiya, na tsaya ina kallon agogo. Magina suna ta zolayata wai in hura gajimaren da baki. Ban kula su ba.

Lokaci na cika, gajimare ya ɗan yage. Inuwar zaren ta kwanta a ƙasa bisa layin alƙibla, na yi wuf na buga turaku biyu a kanta, na ja igiya. Ga igiya, ga rami, kowa ya ga sun raba hanya.

Baffa ya tsaya bayan igiyar, ya bi ta da kallo. Can ya naɗe hannun riga, ya karɓi shebur daga hannun magini.

Ya ce, "Ku cike ramin. Da sai in mutu in bar mutane suna salla a karkace, da sunana."